Kalmomin da Ba a Ƙirgawa Sun Kai Ni Sakkwato

Tun da na dawo daga Sakkwato ban huta da tambaya ba. A buron malamai, wato ofishinmu, a tambaye ni, a ƙofar masallaci a tambaye ni, har mai tsire na bakin tasha sai da ya tsayar da ni, ya kira ni yadda ake kiran malamin boko a nan, ya ce, "Mushe Idi, wai gaskiya ne an ɗaure ka Najeriya saboda Ingilishi?" Ba a ɗaure ni ba. An dai zaunar da ni a gindin bishiya, wannan kuwa daban ne. Na gaji da maimaitawa, kowa ya ji kuma sai ya ƙara nasa, shi ya sa na ce bari in rubuta abin yadda ya faru, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda.

Ni malamin Ingilishi ne a kwalejin Illela, tamu ta Nijar. Shekarata ta biyu ke nan, ba a riga an tabbatar da ni a aikin ba. Wata Talata ansifekta ya zo daga Tawa duba malamai, ya shiga ajina ya zauna a benci na ƙarshe. Ni kuwa na rubuta a allo da hannuna mai kyau: The radio gives us many informations, wato rediyo na ba mu labarai da yawa. Sai na ji takun takalmi a bayana. Mutumin ya karɓi allin daga hannuna, ya zagaye harafin s na ƙarshen kalmar, ya koma ya zauna. Ajin ya yi tsit, har kukan akuyar diraktan makaranta ana ji.

Bayan an tashi ya kira ni buro. Ya ce a Ingilishi sunayen abubuwa kashi biyu ne. Akwai waɗanda ake ƙirgawa, kamar littafi da akuya, ka ce ɗaya, ka ce biyu, ka manna musu s a gindi. Akwai kuma waɗanda ba a ƙirgawa, ba su karɓar s, ba su karɓar lamba. Ya ba ni guda biyar: information, advice, furniture, luggage, news. Wato labari, shawara, kayan ɗaki, kayan tafiya, da labarun duniya.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ai a Faransanci duk ana ƙirga su. A Hausa ma muna cewa labarai da shawarwari."

Ya ce, "Faransanci aka ɗauke ka ka koyar?"

Na ce, "To sauran fa? Ina zan san su?"

Ya ce in nemo. Bayan hutu zai dawo, wannan darasin zan yi a gabansa, in na sake manna s inda ba wurinta ba zai rubuta a mayar da ni lakwal, wato firamare, ta ƙauye inda na fito. Shekara huɗu na yi ina neman fita daga can, ga matata da tsohon ciki. Ƙamus ɗaya ne a makarantarmu, ƙarami, ba bango, kuma ba ya faɗa maka wace kalma ake ƙirgawa wace ba a ƙirgawa. Ranar da aka ba da hutu na karɓi takardar izinin tafiya daga diraktan, na nufi Malbaza wurin Kawu Mamman, yayan mahaifiyata. Fataucin albasa yake yi, kuma ban taɓa kai masa matsala ya ce bai san wanda zai warware ta ba.

Daga Illela zuwa Badagishiri a bayan Fijo na zauna, tsakanin wata tsohuwa mai ƙwaryar nono da wani soja da ke komawa aiki. Lokacin bazara ne, ƙarfen motar ba ya taɓuwa. Duk rami in aka faɗa, nonon nan a wandona yake sauka, tsohuwar kuma ni take harara kamar ni na zubar. A Tsarnawa na sauka, na tsaya har la'asar kafin wata motar siminti da ta sauke kaya ta ɗauke ni. Na isa Malbaza fari fat, nonon ya kama garin siminti ya bushe, wandon nan har tsayuwa yake yi da kansa.

Kawu ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Yanzu kai harahi guda zai raba ka da aikin gwamnati? Tashi mu tai wurin Baba Ɗan Kumasi."

Baba Ɗan Kumasi tsohon direba ne da ya yi shekara ashirin da wani abu a Gana. Duk Malbaza an yarda ba wanda ya kai shi Ingilishi. Muka same shi yana gyaran gadon igiya. Na yi masa bayani: abin da ake ƙirgawa a ce many, wanda ba a ƙirgawa a ce much, ni kuma na rasa yadda zan raba su.

Ya ajiye igiyar ya dube ni da tausayi. "Ɗana, wa ya wahalshe ka haka? Kai dai ka ce plenty. Ruwa plenty, mutane plenty, wahala plenty. Da ita ni yi aure Kumasi, da ita ni yi shari'a da wani ɗan Ashanti, kuma ni ci."

Na ce ansifekta ba zai karɓi plenty ba.

Ya ce, "To bai je Gana ba."

Da muka fito Kawu ya ce shi kam bai ga aibin maganar ba. Amma tunda na nace, akwai wani tsohon hedimasta a Sakkwato, Malam Bello, maƙwabcin gidan da suke sauka in sun kai albasa. Turawan Ingila ne suka koyar da shi da bakinsu. Jibi dama zai bi kaya can, sai mu tafi tare.

A Ƙwanni muka kwana, a zauren wani dillali da ke cike da buhunan albasa. Wanda bai kwana da albasar da ta sha rana ba, kada ya ce ya san wari. Ko furar da aka kawo mana albasa take yi. Ƙwanni kuwa gari ne da harshe uku, Hausa da Faransanci da Ingilishi, ke cakuɗe a baki ɗaya. Na ji wani mai gyaran moto ya ce wa abokinsa, "Bon, ka bari sai tumoro," bai ma san ya taɓa yaren kowa ba. Na tsaya ina tunanin ga mutane suna cin abincinsu da Ingilishi ba tare da sun taɓa jin labarin s ba, ni da na yi karatun ga ni kwance cikin albasa.

Da safe muka shiga taksi zuwa iyaka. Wajenmu ba a daɗe ba, jandarma ya duba takardata ya ce, "Mushe, a sauka lahiya." A ɗaya gefen ne aka fara. Mai rubuta sunaye ya ce daga ina, na ce Illela. Ya ce ina za ni, na ce zan wuce Illela in tafi Sakkwato. Ya ajiye biro ya ce wasa nake masa? Sai da Kawu ya sa baki ya ce Illela biyu ce, tamu na can arewa, tasu ga ta nan gaba kaɗan. Mutumin ya ce tasu ce ta gaske, na bar masa.

Mun bar Illelar tasu ba da nisa ba muka tarar da wani shinge, ganga biyu da katako mai ƙusoshi. Wani mai kaki ya leƙo ta taga, ya ga gilashina da biro a aljihu, ya nuna but ɗin mota ya ce da ni, "How many luggages?" Wato kayana guda nawa ne.

Ku tuna, luggage na cikin kalmomi biyar ɗin nan da aka kusa korata a kansu. Sati biyu ina kwana da su ina tashi da su. Wallahi ban yi niyya ba, bakina ne ya riga ni. Na ce, "Luggage, sir. No s."

Kawu ya taka mini ƙafa, amma maganar ta riga ta fita. Mai kakin ya miƙe, ya juya Hausa tsantsa, ashe ɗan ƙasar ne. "Au, malami ne? Madalla. Hito." Ya nuna mini wata bishiyar dogonyaro ya ce, "Ga ɗaliba can, je ka koya mata." Aka sauke jakata da ƙullin Kawu, mota ta tafi ta bar mu.

Tun hantsi muke gindin bishiyar nan har aka yi azahar. Kawu bai zage ni ba, da ma ya zage ni ya fi sauƙi. Sai dai ya dube ni ya ce, "Shekara talatin ina bin hanyar ga. An tsai da ni don albasa, an tsai da ni don takarda, an tsai da ni don ba a ga dama ba. Yau an tsai da ni don ɗan ƙanwata ya hi soja Turanci." An jima kaɗan sai ya sake farawa daga shekara talatin.

Bayan salla ya je ya ba da haƙuri, ya ce yaro ne, karatu ya taɓa shi. Mai kakin ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Kai ka ce ba a ƙirga kaya ko? Buɗe jakar. Ƙirga." Na zazzage ta a ƙasa, na ƙirga da ƙarfi cikin Ingilishi a gaban direbobi da masu tallan rake: riga biyu, wando ɗaya mai siminti, sabulu, asuwaki, littafin rubutu uku, da kilishin da matata ta ƙulla mini. Ya ce, "Ka ga sun ƙirgu?" Na ce sun ƙirgu, ranka shi daɗe. Shi da kansa ya tsayar mana da wata mota.

Sakkwato gari ne babba, zafinsa kuma ya fi namu, ko da yake mutanensa ba su yarda ba. Harshensu namu ne, ba sai an yi maka tafinta ba, amma da ka buɗe baki sai su ce ɗan Faranshi ne. In sun ce Turanci, Ingilishi suke nufi, mu kuwa a gida in an ce wane ya iya Turanci sai an tambaya wanne. Burodinsu mai kusurwa huɗu ne, mai zaƙi, ka matsa shi ya dawo kamar katifa, ba irin namu dogo mai ɓawo ba. Shayinsu kuma a kofi ne ƙato, rabinsa madara, a sha sau ɗaya a tashi. Na nemi wanda zai dafa mana na ƙananan finjali, na fari da na biyu da na uku, aka ce sai in na sami Buzaye.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne allunan shaguna. Kafinta ya rubuta furnitures da jan fenti. Mai kayan lantarki ya rubuta equipments. Muka shiga gidan abinci, wata mata ta ɗaga murya ta ce wa ta cikin kicin, "Two rice!" Wato shinkafa biyu. Ƙasar da Ingilishi ne harshen gwamnatinta ke nan, kowa na manna s yadda ya ga dama, ba wanda ya zagaye masa da alli. Na buɗe baki zan yi magana, Kawu ya ajiye cokali ya zuba mini ido. Na ci shinkafata.

Washegari muka je gaishe da Malam Bello. Dattijo ne siriri, da gilashi mai kauri, yana zaune a zaure kan buzu. Da ya ji abin da ya kawo ni ya yi dariya har da tari, sannan ya shiga cikin gida ya fito rungume da wani ƙamus ƙato, a naɗe cikin zane. Ya buɗe ya sa yatsana a kan wata kalma.

"Ka ga ɗan harafin ga a gaban kalmar? In C ne, ana ƙirgawa. In U ne, ba a ƙirgawa. Kowane suna da ke cikin littafin ga an yi mai alama."

Na kusa yin kuka. Abin da na sha nono da siminti da rana a kansa, ashe wani ya zauna tuntuni ya rubuta shi a gefen kowace kalma. Na ce, "Malam, to mene ne dalilin? Ruwa da gero na gane. Amma kujera ana ƙirga ta, tebur ana ƙirga shi, in ka haɗa su ka ce furniture sai a ce ba a ƙirgawa. Shawara fa? In na ba ka ɗaya yau, gobe na ba ka wata, ba biyu ke nan ba?"

Ya ce, "Na tambayi Baturen da ya koya mana. Ya ce haka kakarsa take faɗi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. In kana son ƙirgawa sai ka sa ma'auni a gaba. A piece of advice, guntun shawara guda. A bag of rice, buhun shinkafa."

Kawu da ke jingine yana gyangyaɗi ya buɗe ido. "Wai wanga shi ne karatun? Idi, ka taɓa zuwa kasuwa ka ce a ba ka gero biyu? Tiya biyu kake cewa. Albasa ka ce ukku, gero ka ce tiya. Da ka tambaye ni tun Malbaza, da ba mu wuni gindin icce ba."

Malam Bello ya ce, "Alhaji ya fi ka ganewa." Kawu ya gyara zama yana jin daɗi, sai Malam ya ƙara da cewa kuɗi ma a Ingilishi ba a ƙirga su, U ne a gabansu. Kawu ya ce, "Mutanen da sunka kawo muna banki?" Ya sa takalmansa ya tafi kasuwa, ya ce shi ya gama da wannan yaren.

Na zaga shagunan littattafai, aka ce irin wannan ƙamus sai Kano ko Ibadan. Malam kuma ya ce nasa ba ya fita zauren nan. Don haka kwana uku na yi ina zuwa da sassafe, ina bin shafi ɗaya bayan ɗaya, duk sunan da yaro ɗan kwaleji zai iya haɗuwa da shi mai U a gaba in kwafe. A rana ta biyu na gano wani sabon bala'i: akwai kalmomin da ke ɗauke da alamun duka biyu. Kaza in tana yawo a tsakar gida ana ƙirga ta, in an dafa ta an daina. Takarda in jarida ce ana ƙirgawa, in fara ce ba a ƙirgawa. Gashi a kai ba ya ƙirguwa, amma in guda ya faɗa maka a miya ya ƙirgu. Na ajiye biro na fita na zaga unguwar sau biyu kafin zuciyata ta sauka.

Idanun Malam sun yi rauni, sai ya ce in riƙa karanta masa abin da na kwafa da ƙarfi. Nan ma ban tsira ba. Mu da muka tashi da Faransanci ba ma furta h a farkon kalma, da na zo kan hair, gashi, sai ta fito air, iska, ya ce, "Gashi kake nufi ko iska?" Ya sa na maimaita har maƙogwarona ya bushe. Da azahar Hajiyarsa ta aiko da tuwon shinkafa da miyar taushe, mu ci tare. Ranar ƙarshe, yana naɗe ƙamus ɗin, ya ce tun da ya bar aiki ba wanda ya nemi ya buɗe shi, har 'ya'yansa. Ya ce, "Sai ga shi daga ƙasar Faranshi an zo." Ya rako ni har bakin titi, yana riƙe da hannuna saboda ramuka.

Dawowa ba abin faɗi. A kowane shinge na zama kurma, Kawu ke magana. Muka rabu a Tsarnawa, ya ɗora mini rabin buhun albasa, ya ce in sake samun matsalar boko in nemi kawuna na wajen uba.

Sati biyu da komawa makaranta ansifekta ya dawo. Na shiga aji da tiya, da ƙwaryar gero, da albasa biyar, da butar ruwa. Na ce wa yara su ƙirga albasa, suka ƙirga. Na ce su ƙirga gero, suka yi dariya. Na miƙa wa wata yarinya tiya ta auna, ajin ya ce biyu. Daga nan muka hau kalmomin, ba wanda ya ɓata. Wata mai suna Hadiza ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, to news ai da s a gindinta, don mi ba a ƙirga ta?" Na ce wannan s ɗin da ita aka haife ta, ba jam'i ba ce. Ta ce don mi? Na dubi benci na ƙarshe, na ga ansifekta ya duƙufa yana rubutu, bai da niyyar ɗagowa. Na ce mata haka kakannin masu yaren suke faɗi.

A buro ya ce darasin ya yi, zai rubuta a tabbatar da ni. Sannan ya ga littafin da na cika a Sakkwato, ya yi ta juya shafukan. Ya ce malamai da yawa a yankin na da wannan matsalar, in ba shi aro ya sa a buga a raba wa kowace kwaleji. Na ba shi da hannu biyu. A satin matata ta sauka, aka sami ɗiya mace, na ce wahala ta ƙare.

Wata guda bayan haka diraktan ya kira ni ya miƙa mini ƙunshin takardu masu shuɗin tawada, an bugo daga Tawa. Littafina bai dawo ba, sunana kuma ba ya ko'ina, wannan ban damu ba. Na duba shafin farko sai na zauna. Mai buga tafireta, bawan Allah da ya yi karatunsa da Faransanci, ya ga kalmomi a jere ba s, ya ɗauka mantuwa ce, ya gyara mini. Informations, advices, furnitures, luggages, tun daga sama har ƙasa, shafi shida. An riga an aika Ƙwanni da Malbaza da sauran wurare.

Na rubuta wasiƙa zuwa Tawa, har yau ba amsa. Na makarantarmu dai na kwashe su duka na kai gida, na zauna a tsakar gida da jan biro, jaririya na kuka, ina kashe s ɗaya bayan ɗaya. Matata ta leƙo ta ce, "Saura nawa?" Na ce mata kada ta sake tambayata. Na Ƙwanni da Malbaza kuwa, ranar Lahadi zan hau mota da birona, wanda ke da saƙo can ya kawo kafin Asabar.